Makarantar Frantz ta New Orleans: Gini Ɗaya, Unguwar da Ta Sauya Sau Uku

A kan titin North Galvez, cikin Shiyya ta Tara a birnin New Orleans na jihar Louisiana ta Amurka, akwai wani ginin makaranta na bulo mai hawa uku da aka gina a 1937. Sunansa makarantar William Frantz. Makarantar gwamnati ce ta 'ya'yan talakawa, irin wadda yaro ke fitowa daga gida ya taka da ƙafa ya isa kafin a kaɗa ƙararrawa. Bayan gyaran da aka yi mata daga baya, an riƙa koyar da yara a cikinta daga ajin share fage har zuwa aji takwas, wato firamare haɗe da abin da za mu kira ƙaramar sakandare. Duniya ta san matakalar ƙofar wannan gini saboda hoton wata yarinya 'yar shekara shida, Ruby Bridges, tana saukowa tsakanin ƙarti sanye da kwat. Amma hoton na lokaci guda ne. Abin da ya faru da makarantar da unguwarta kafin nan da bayansa shi ne ya fi wuyar bayani, kuma shi ya fi taɓa ni.

Sai an ɗan koma baya kafin a gane zancen. New Orleans ta taɓa samun makarantun da fararen fata da baƙaƙe ke zama aji ɗaya, bayan yaƙin basasar Amurka, daga wajen 1870 zuwa 1877. Da sojojin tarayya suka janye daga Kudu, aka sake raba yaran. A wannan birni ne kuma, a 1892, wani mutum mai suna Homer Plessy ya shiga taragon jirgin ƙasa na farare da gangan don a kama shi a je kotu. Shari'arsa ta kai Kotun Ƙoli, wadda a 1896 ta ce raba mutane bisa launin fata halal ne muddin abin da aka ba kowane ɓangare daidai yake. Kowa ya san ba daidai yake ba. Makarantun baƙaƙe cunkushe suke, littattafansu kwancen na farare ne. Sai ranar 17 ga Mayu, 1954, Kotun Ƙoli ta warware wancan hukunci a shari'ar Brown, ta ce wariya a makarantun gwamnati ta saɓa wa tsarin mulki. A watan Satumban wannan shekara aka haifi Ruby a jihar Mississippi, kafin iyayenta su yi ƙaura zuwa New Orleans neman abin kai wa baka.

Hukunci daban, aiwatarwa daban. Lauyan ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙe ta NAACP a birnin, A. P. Tureaud, ya shigar da ƙarar hukumar makarantu tun 1952. Alƙalin kotun tarayya J. Skelly Wright, wanda shi kansa haifaffen New Orleans ne kuma farar fata, ya yanke a 1956 cewa dole a daina wariyar. Hukumar ta yi ta jan ƙafa har shekara huɗu. Da ya ga ba su da niyya, a watan Mayun 1960 ya tsara musu da kansa: a fara da aji ɗaya, kowace shekara a ƙara aji guda. Gwamnan jihar, Jimmie Davis, da majalisar dokoki suka yi ta zartar da dokoki don ƙwace makarantun birnin ko rufe su, alƙalin kuma yana soke su ɗaya bayan ɗaya.

A nan ne aka yi abin da ya yanke wa Frantz ƙaddararta. Iyalai baƙaƙe 137 suka nemi a mayar da 'ya'yansu makarantun farare. Hukumar ta ɗora wa yaran jarrabawa da gwaje-gwaje masu tsauri, waɗanda manufarsu a rage adadin ne gwargwadon iko. A ƙarshe yara mata huɗu ne suka je. Uku, Leona Tate da Tessie Prevost da Gail Etienne, aka tura su makarantar McDonogh mai lamba 19. Ruby ita kaɗai aka tura Frantz. Duka makarantun biyu a Shiyya ta Tara suke, unguwar leburorin tashar jiragen ruwa da ƙananan ma'aikata, inda farar fata talaka ba shi da wani abin tinƙaho da ya wuce launin fatarsa. Akwai unguwannin masu hali a can saman gari inda iyaye suka nuna za su karɓi yaran ba tare da tashin hankali ba, amma ba a kai can ba. Waɗanda suka yanke shawarar ba 'ya'yansu ne a Frantz ba. Bugu da ƙari, shiyyar tana maƙwabtaka da gundumar St. Bernard, yankin da Leander Perez, ɗaya daga cikin manyan masu rajin wariya a jihar, ke da faɗa a ji. Ruwa ba ya tsami banza. Wanda ya ɗora kaya mafi nauyi a kan mafi raunin unguwa, ko dai bai damu da ya faɗi ba, ko kuma faɗuwar yake so.

Ranar Litinin, 14 ga Nuwamba, 1960, jami'an kotun tarayya huɗu suka zo ƙofar gidan su Ruby. Mahaifinta Abon, tsohon soja da ya ji rauni a yaƙin Koriya, tun farko bai so ba, yana tsoron abin da zai biyo baya. Mahaifiyarta Lucille ce ta dage, ta ce ba don 'yarta kaɗai ba, don sauran yara ne ma. Ruby ta sha faɗa daga baya cewa da ta ga taron jama'a da ihu da 'yan sanda a kan dawakai, ta ɗauka bikin Mardi Gras ake yi, wato babban bikin shekara na birnin. Ranar farko ba ta shiga aji ba. Ita da mahaifiyarta suka wuni a ofishin shugabar makaranta, suna kallon iyaye farare ta gilashi suna shigowa a fusace suna jan 'ya'yansu waje. Kafin mako ya ƙare, ginin da ke ɗauke da ɗaruruwan yara ya zama kufai. Washegarin ranar farko aka yi gangamin dubban masu rajin wariya a babban ɗakin taro na birnin, Perez ya zuga su, kwana ɗaya bayan nan matasa suka bazu cikin gari suna ta'adi.

Malamai suka ƙi koyar da ita, sai wata sabuwar zuwa daga Boston, Barbara Henry. Ku dubi ajin nan da idon zuci. Kujeru a jere babu kowa, allo, malama ɗaya da ɗaliba ɗaya. Malamar ba ta tsaya a gaban allo ba, takan ja kujera ta zauna kusa da yarinyar. Ba a barin Ruby ta fita filin wasa, don haka a cikin aji suke motsa jiki su biyu. Ko bayan gida za ta, sai jami'i ya raka ta. A waje kuwa, kowace safiya wasu mata na taruwa suna zagi. Ɗaya ta riƙa yi mata barazanar sa mata guba a abinci, wata ta zo da 'yar tsana baƙa a cikin ƙaramin akwatin gawa. Yarinyar ta daina cin abincin da take zuwa da shi, tana ɓoye burodinta a cikin wani kabad na aji, har sai da ɓeraye suka tona asirin. Daga nan malamar ta riƙa zama su ci tare. Wani likitan ƙwaƙwalwar yara, Robert Coles, ya riƙa ziyartar gidansu a wannan shekara don ya ga yadda take jurewa. Shi ne ya ba da labarin yadda aka ga leɓunanta na motsi a tsakiyar masu zagin, da aka tambaye ta ta ce addu'a take yi musu.

Gidan su Ruby ya ɗanɗana kuɗarsa. Aka kori Abon daga aikinsa a gidan mai. Kantin da suke sayen kayan masarufi ya ce kada su ƙara zuwa. Kakanninta da ke noman haya a Mississippi aka tashe su daga gonar da suka daɗe a kai. Amma a daidai wannan lokaci ne unguwar ta nuna ɗaya fuskar tata. Wani maƙwabci ya ba Abon aiki. Wasu suka riƙa gadin gidan da dare, wasu suna taya reno, wasu kuma sukan bi bayan motar jami'an da ƙafa har makaranta. Cikin farare ma akwai waɗanda suka ƙi bin yarima a sha kiɗa. Wani matashin fasto, Lloyd Foreman, ya riƙo hannun 'yarsa 'yar shekara biyar ya ratsa taron da ita. Wata uwa, Daisy Gabrielle, ta ci gaba da kai tata 'yar har aka riƙa jifar gidansu, mijinta ya bar aikinsa, suka tattara suka koma jihar Rhode Island. Ba a cika ambaton waɗannan mutane ba, alhali su ne shaidar cewa unguwar ba baki ɗaya ta zama ba, kuma da hukuma ta tsaya musu, da wataƙila sun fi haka yawa.

Ko 'yan yaran farare da suka dawo, a wani ɗaki daban aka ɓoye su don kada su haɗu da Ruby. Sai wajen ƙarshen shekara, bayan Malama Henry ta matsa, aka bar ta ta je wurinsu. A nan wani yaro ya ce mata ba zai yi wasa da ita ba, domin mamarsa ta hana shi saboda ita baƙa ce. Ruby ta ce a ranar ne ta gane dalilin duk abin da ke faruwa. Wata da watanni tana ratsa zagi ba ta san laifinta ba.

Shekara ta biyu ta zo da sauƙi. Babu jami'ai, babu taro, akwai wasu yara baƙaƙe da farare a ajin. Malama Henry ta koma Boston. A watan Janairun 1964 mujallar Look ta buga zanen Norman Rockwell na yarinyar cikin farar riga, tumatir ya fashe a bangon bayanta. Ga wanda ke nesa, labari ya ƙare da nasara ke nan.

Ga mazauna Shiyya ta Tara kuwa, lokacin ne aka fara. Yaran da aka janye daga Frantz da McDonogh, da yawansu motoci aka samar musu zuwa makarantun farare zalla a St. Bernard. Jihar ta riƙa ba iyaye tallafin kuɗi su kai 'ya'yansu makarantu masu zaman kansu, sai da kotu ta hana. Da makarantun cocin Katolika suka buɗe ƙofa ga kowa a 1962, har babban limamin cocin, Joseph Rummel, ya kori Perez daga cocin saboda adawarsa, masu gudu sai suka ƙara nisa, suka bar birnin kacokan zuwa sababbin unguwannin gundumomin Jefferson da St. Bernard. Guguwar Betsy ta 1965 ta cika shiyyar da ruwa, ta ƙara ingiza masu halin tashi. Ya kamata a fahimci yadda kuɗin makaranta ke tafiya a Amurka: kaso mai tsoka yana fitowa ne daga harajin da ake karɓa a cikin yankin, na gidaje da na ciniki. Idan masu gidaje da masu albashi suka tashi, kuɗin ya bi su. A 1960 mutanen New Orleans sun haura 627,000. A 2000 sun koma ƙasa da 485,000. Aikin dako a tashar jiragen ruwa ya ragu da zuwan kwantena, faɗuwar farashin mai a shekarun 1980 ta ƙara dagula arzikin jihar. Cikin shekaru kaɗan Frantz, wadda aka yi yaƙi don baƙar yarinya ɗaya ta shiga, ta koma makarantar baƙaƙe kusan zalla, kuma ta talakawa. Wariyar da doka ta kora ta ƙofa ta dawo ta hanyar adireshin gida.

Ba daidai ba ne a ce shekarun nan duhu ne kawai. Malaman da suka riƙe makarantun birnin a lokacin yawancinsu mata ne baƙaƙe, 'yan garin, waɗanda suka koyar da uwa suka koyar da 'yarta, suna haɗuwa da iyayen yara a coci da kasuwa. Su ne ƙashin bayan masu matsakaicin hali a cikin baƙaƙen birnin. Amma gine-gine sun lalace, sakamakon jarrabawa na cikin mafi muni a jihar, hukumar makarantun kuma ta yi ƙaurin suna wajen almundahana, har hukumar bincike ta FBI ta kafa ofis a cikin hedkwatarta a 2004. Ruby da kanta ta dawo Frantz a farkon shekarun 1990, bayan an kashe ƙaninta, ta ɗauki nauyin kula da 'ya'yansa da ke karatu a can. Ta riƙa aikin sa kai tana haɗa iyaye da malamai. A 1999 ta kafa gidauniyarta. A watan Yunin 2005 aka sa ginin cikin kundin wuraren tarihi na ƙasa.

Wata biyu bayan nan, ranar 29 ga Agusta, 2005, mahaukaciyar guguwa Katrina ta afka. Katangun da ke tare ruwa suka ɓalle, kusan kashi 80 cikin ɗari na birnin ya nutse. Ruwa ya shiga Frantz ya zauna, iyalan unguwar suka watsu zuwa Houston da Atlanta da Baton Rouge. Tun mutane ba su dawo ba, a watan Nuwamban shekarar majalisar jiha ta zartar da dokar da ta ƙwace makarantu fiye da 100 daga hannun hukumar birni ta miƙa wa wata hukumar farfaɗowa ta jiha. Aka sallami malamai da ma'aikata sama da 7,000. Sun kai ƙara, sun yi nasara a ƙananan kotuna, amma a 2014 Kotun Ƙolin jihar ta soke nasarar. Karo na biyu ke nan da aka yanke makomar makarantar alhali masu unguwar ba sa wurin.

Sabon tsarin da aka shigo da shi shi ne na makarantun kwantiragi. Ga yadda yake: gwamnati ce ke biyan kuɗi gwargwadon yawan ɗalibai, yaro ba ya biyan ko sisi, amma wata ƙungiya mai zaman kanta ce ke tafiyar da makarantar bisa yarjejeniyar wasu shekaru. Ita ke ɗaukar malamai ta sallame su, ita ke tsara lokaci da manhaja. Idan sakamako bai yi kyau ba, a karɓe makarantar a ba wata ƙungiya ko a rufe. An kuma soke ƙa'idar cewa yaro zai je makarantar unguwarsu. Iyaye na cike fom ɗaya su jera zaɓinsu, kwamfuta ta raba gurabe. Kafin 2019 kusan duk makarantun gwamnati na New Orleans sun koma haka, abin da babu wani babban birni a Amurka da ya taɓa yi. A 2010 gwamnatin tarayya ta amince da ba da dala biliyan 1.8 don sake gina makarantun birnin. Shigar Frantz kundin tarihi ta taimaka wajen hana a rushe ta. Aka gyara ta, aka ƙara mata sabon sashe, a 2013 wata makarantar kwantiragi mai suna Akili Academy ta tare a ciki. Kalmar akili ta Suwahili ce, tushenta ɗaya da hankali na Hausa, duka daga Larabci.

Shin tsarin ya yi amfani? A nan mutanen birnin suka rabu, kuma kowane ɓangare na da hujja. Binciken masana a jami'ar Tulane ya nuna sakamakon jarrabawa ya tashi, yawan masu kammala sakandare da masu shiga jami'a ya ƙaru, ko da yake kuɗin da ake kashewa a kan kowane ɗalibi shi ma ya ƙaru. Uwar da a da ba ta da zaɓi sai lalatacciyar makarantar bayan gidanta, yanzu tana iya neman wata. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma bai kamata wanda ɗansa ba ya ciki ya raina shi ba. A ɗaya gefen, malamai baƙaƙe da suka kai kusan kashi 70 cikin ɗari kafin ambaliya sun ragu zuwa wajen rabi cikin shekara goma, aka maye gurbin da yawa da matasa 'yan wasu jihohi da ba sa daɗewa. Yara ƙanana na tsayuwa a bakin titi tun da duhun asuba suna jiran motar da za ta ratsa gari da su. Yaran layi ɗaya na iya watsuwa a makarantu biyar. Kakar da a da za ta saka takalmi ta leƙa ta ji me jikanta ya yi, yanzu sai ta nemi mota. Kuma idan iyaye na da ƙorafi, waɗanda ke riƙe da makarantar ba zaɓaɓɓunsu ba ne, ko da yake tun 2018 sa ido a kan makarantun ya koma hannun zaɓaɓɓiyar hukumar birni.

Ni a ganina, masu auna makaranta da maki kaɗai suna barin rabin lissafi a waje. Makarantar unguwa wuri ne da maƙwabta ke sanin juna ta dalilin 'ya'yansu, kuma irin wannan sanayya ce ta tsaya wa gidan su Ruby a 1960, lokacin da maƙwabta suka yi gadi suka bi bayan mota. Amma masu kukan a dawo da tsarin da, su ma sai su tuna cewa makarantar unguwa a garin da aka raba unguwanninsa bisa launi da arziki ita ce ta kulle yaran Frantz cikin talauci shekara arba'in. Abin da bai sauya ba a duk juyin nan uku shi ne launin yaran da ke cikin ginin tun bayan tashin farare. Ɗaliban da Akili ta koyar a ginin kusan dukansu baƙaƙe ne daga gidaje masu ƙaramin ƙarfi, farare 'yan birnin kuwa mafi yawansu suna makarantun kuɗi ko wasu 'yan makarantun gwamnati masu tace ɗalibai. Ruby ta so a mayar da ginin makarantar da za ta haɗa yara na kowane launi, ta koyar da tarihi da adalci. Hakan bai samu ba. Abin da aka yi shi ne an gyara ajinta, ɗaki mai lamba 2306, an mayar da shi kamanninsa na da, sannan a 2014 aka kafa mutum-mutuminta a farfajiyar makarantar, ita da Malama Henry suna wurin.

A tsallaken mashigin ruwan da ya raba Shiyya ta Tara biyu, McDonogh mai lamba 19 ta bi wata hanya. A can ne sauran 'yan mata ukun suka yi fiye da shekara su kaɗai, an liƙe tagogi da takarda don kada a gan su daga waje, suna wasa a cikin gini. An rufe makarantar kafin Katrina, ruwa ya zo ya ƙarasa ta, ta yi shekaru a yashe. Leona Tate ta yi ta fafutuka har gidauniyarta ta sayi ginin a 2020. Yau ana kiransa Cibiyar Tate, Etienne da Prevost. A ƙasa akwai wurin koyar da tarihin abin da ya faru, a sama kuma ɗakunan haya masu rahusa ga tsofaffi. Tessie Prevost ta ga buɗewarsa kafin ta rasu a 2024.